Kafin Ka Share Dis Na Ɗaya

Anka, ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Bashar, a gidan kawunsa Lawali, Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa duka. Allah Ya tsare ka a garin da ka sauka, Ya tsare hannunka daga aikin da-na-sani. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ka sani.

Bashar, kafin ka karanta layi na gaba, tashi. Ko abinci kake ci, aje shi. Je ka kashe sabuwar kwamfutar nan da ka harhaɗa, ka zare wayarta daga soket, ka buɗe murfin gefe. Dis biyu ne a cikinta: sabon nan siriri da ka sayo, da tsohon had-dis mai nauyi da ka ɗauka cikin kwalin kayan gyara na shagona. Tsohon nake nufi, mai ɗigon farin fenti a kusurwa. Zare wayoyinsa duka biyu, ka kwance shi, ka naɗe shi cikin tsumma mai tsabta, ka ba matar kawunka ta aje maka a ɗakinta. In ka gama, dawo ka zauna mu yi magana.

Ka yi? To ga dalili. Bidiyon Kulu yana cikin dis ɗin nan, kuma babu shi a ko'ina cikin duniya sai nan.

Na san kana tune da shi, don kai ka ɗauke shi da tsohuwar wayata ranar ƙaramar salla, kafin ciwon gubar dalma ya ɗauke mana ita. Ƙanwarka ta ɗora hularka a kai, ta rufe mata ido, tana daka turmi babu komai a ciki, tana kiran "Yaya Basha, Yaya Basha," don bakinta bai iya ƙarasa sunanka ba. Wayar ta mutu tuntuni, katin cikinta ya ɓace. A tsohuwar kwamfutar shago kaɗai na juye shi, kuma nan Innarku take zuwa ta zauna kan benci in kunna mata. Da kwamfutar ta ƙone da damina, na ciro dis ɗin na ɗiga masa fenti, na jefa cikin kwali, na ce gobe zan kwafe shi a wani wuri. Goben nan ba ta zo ba har ranar da kake haɗa kayanka na ce maka, "Duba cikin kwalin can, duk abin da zai yi maka amfani ɗauka." Ba ka yi laifi ba. Ni na buɗe baki na faɗa.

Jiya da ka kira ni kana huci, ka ce windo ta ƙi zama. Ka ce ka sa filashi, babbar manhajar ta fara shiga, sai ta tsaya ta ce ba za ta iya zama a kan wannan dis ba. Ka ce wani abokinka zai zo gobe bayan sallar Juma'a, ya ce abu ne mai sauƙi, a buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa inji umarni, a share dis na ɗaya, shi ke nan. Na ce maka to, Allah Ya taimaka, don lokacin hankalina yana kan rediyon wani mutum. Sai yau da hantsi Innarku ta leƙo shago ta ce, "Malam, wai na'urar ga taka yaushe za ta tashi? Na kwan biyu ban ga ɗiyata ba." Na ce mata ana kan gyara. Tana juya baya na jawo kwali na zazzage shi a ƙasa. Babu. Na sake bin kayan ɗaya bayan ɗaya, babu. Sai maganarka ta jiya ta dawo mani, "dis na ɗaya", wallahi nan take na jawo waya.

Na kira wayarka har na gaji, a kashe. Na san halinka, ka bar ta ba caji kana can ka duƙufa cikin inji. Na kira kawunka, ya ce, "Malam Umaru, ni mi nis sani ga kwamfuta? Ina Bukkuyum wurin awon gero, sai Asabar in Allah Ya so." Da ƙafata za ta iya zaman mota, da ni za ka gani a ƙofar shagonka na wasan kwamfuta, ba takarda ba. Shi ya sa na roƙi Ɗanjuma direba, wanda zai yi lodin farko zuwa Gummi gobe da safe, ya damƙa maka ita hannu da hannu. Kuma ko da wayar ta shiga, kai ba ka saurare a waya, "Na gane, Baba, na gane," alhali ban kai rabin magana ba. Takarda kuwa sai ka shimfiɗa ta gefen kibod.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa kalmar nan ta tsorata ni.

Ni da kai da duk wanda uwa ta haifa, in za mu ƙirga abu, daga ɗaya muke farawa. Buhu na ɗaya shi ne na farko, ɗa na ɗaya shi ne na fari. Kwamfuta ba haka take ba, ita daga sifili take fara ƙirga. Dis ɗin da ke ramin farko, sifili take kiransa. Wanda take kira ɗaya, shi ne na biyu. Ni kuma na koya maka tun kana riƙe mani sukundireba cewa sabon dis a ramin farko ake sa shi. In ka bi koyarwata, sabon naka shi ne sifili, na ɗaya kuma shi ne na Kulu.

Ba a littafi na karanta wannan ba, da hannuna na yi ɓarnar. Shekarun da na fara barin gyaran rediyo ina taɓa kwamfuta, wani mai ɗaukar hoto daga Adabka, Garba sunansa, ya goyo kwamfutarsa a babur, ya naɗe ta cikin bargo saboda ramukan hanya. Dis ɗinsa ya cika, yana son a ƙara masa sabo a zuba windo a kai, tsohon kuma a bar shi yadda yake, don hotunan bukukuwan mutane ne a ciki, bai wanke su ba tukuna. Na ce masa, "Zauna ka sha ruwa, yanzu za a gama." Na sa sabon a ramin farko, na buɗe baƙin allo, na ce a raina na farko ai shi ne ɗaya. Na zaɓi ɗaya, na rubuta a share, na danna.

Bashar, baƙin allon nan ba ya tambaya. Ba ya cewa ka tabbata, ba ya cewa sake dubawa. Kafin ka ɗaga yatsa ya ce an gama. Da na gane abin da na yi, gumi ya keto mani har cikin hula. Na juya na gaya wa Garba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Sai kawai ya ce, "Malam, to mi zan ce ma amare?" Haka bawan Allah nan ya bi gida gida a Adabka yana ba da haƙuri a kan abin da ba shi ya yi ba.

Ban tsaya nan ba, na ƙara wauta a kan wauta. Na ce tun da an riga an share, bari in zuba masa windon a kan tsohon dis ɗin, aƙalla ya koma gida da inji mai tashi. Daga baya wani mai gyara a Gusau ya ji labarin, ya riƙe baki. Ya ce da na bar dis ɗin ban rubuta komai a kansa ba, da akwai manhajar da za ta tono mafi yawan hotunan, don sharewar farko alamar hanya kawai take gogewa, kayan suna nan kwance. Zuba windon da na yi shi ne ya bi ta kansu ya taka. Riƙe wannan da kyau, zan dawo kansa.

Saboda haka doka ta farko, gare ka da duk injin da za ka taɓa har tsufanka: ranar zuba windo, dis ɗaya tak ake bari a ciki, wanda za a zuba wa. Sauran duka a zare su. Abin da ba ya haɗe da inji, inji ba zai iya cinye shi ba. Kuma ko dis ɗaya ne, kar ka yarda da lamba, dubi girmansa da aka rubuta a gefe, ka gwada da abin da ke jikin kwalinsa.

To, in tsohon yana ɗakin matar kawunka, yanzu mu koma kan taurin kan injin naka.

Saƙon nan da ta ba ka, cewa ba za ta zauna a kan dis ba, ba lalacewa ba ce, rashin jituwa ne. Hanya biyu ake tsara dis, tsohuwa da sabuwa, hanya biyu kuma ake tayar da filashi. In ka tayar da filashi ta sabuwar hanya, dis kuma yana kan tsohon tsari, sai ta ƙi. In ka danna maɓallin zaɓen abin da inji zai tashi da shi, za ka ga sunan filashinka ya fito sau biyu. Ba ido ne ke yi maka gizo ba, hanyoyin biyu ne. Ni na taɓa wuni guda ina zaɓen na sama don shi ne a sama, ina tsine wa wanda ya sayar da dis, alhali na ƙasa ake so. Gwada ɗayan. In sabon dis ɗin shi kaɗai ne a ciki, babu komai a kansa, to share shi yadda kake so, ba wanda zai yi kuka. A nan abokinka yana da gaskiya, lambar ce kawai zai kashe mu da ita.

Sai wuta. Ka ce da janareton kawunka kake aiki. Wane ne kuma ke kan layin? Na tambaya ne don abin da ya same ni a shagona na farko, bakin kasuwa. Ƙaramin janareto gare ni, na ba maƙwabcina tela waya don zumunci. Duk lokacin da windo ta yi nisa, sai inji ya mutu ya sake tashi. Na canza faifai, na canza dis, na kai ga zargin madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa. Ashe tela ne ke jona dutsen guga. Yana jonawa janareto ya yi tari, kwamfuta ta suma. Injinka kuwa ba irin nawa ba ne. Katin hoton nan da ka ɗora masa don wasa, mai fanka biyu, cin wutarsa ya kusa na dutsen gugar tela. Cika tankin janareto kafin ka fara, ka cire firij da komai daga layin, ka bi ta sitabilaiza. Kuma leƙa ka gani ko ka jona ƙaramar wayar wutan nan ta saman madabod, kusa da fanka, da wadda ke shiga katin hoton kansa. Masu sabon haɗi sun cika manta su, babbar kawai suke gani.

Tun da na ambaci katin, wayar allo a jikinsa ake jona ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. Kar ka yi dariya. Ubanka ya taɓa kwance inji ƙwaya ƙwaya saboda allo ya ƙi kawo hoto, ya mayar, ya sake kwancewa, ashe waya ce a ramin da ba nata ba.

In kuma injin yana mutuwa ɗif a tsakiyar aiki, ba sake tashi ba, mutuwa kamar an zare waya, to zafi ne. Wannan ma na sha shi. Wani inji ya taɓa hana ni sakat, ya yi ɗan aiki ya mutu, in ya huce ya tashi, ya sake mutuwa. Har na fara cewa a gida abin nan ba na lafiya ba ne. Innarku tana tankaɗe ta ce, "To a kawo garwashi a yi mishi turare mana, Malam." Tsokanata take yi, ni kuwa saura kaɗan in ce a kawo. Da na ciro fankar da ke kan ƙwaƙwalwar injin, sai ga leda fara ƙal manne a gindinta, wadda masu kamfani ke liƙawa, har da rubutu a kai cewa a ɓare kafin a ɗaura. Ban ɓare ba. Kai da ka haɗa naka cikin zumuɗi, ka tabbata ka ɓare taka? Shiga bayos, wurin saitin nan da ke fitowa kafin windo, ka dubi awon zafi. In yana ta hawa alhali inji ba ya aikin komai, kashe shi nan take ka ciro fankar ka duba. Zafin Gummi kaɗai ya ishe shi, balle a ƙara masa riga.

Sai ram, siririn allon nan da inji ke riƙe aikinsa a ciki. Ni mai gyaran rediyo ne tun asali, hannuna ya saba da lallaɓa ƙananan kaya, ina tsoron dannawa. Haka na riƙa sa ram rabi a ciki rabi a waje, inji ya tashi, windo ta fara shiga, sai allo ya koma shuɗi da rubutu birjik. Ram ba ta son kunya. Daidaita tsagarta da ta ramin, ka danna gefe da gefe har ka ji ƙas, maƙallan su rufe da kansu. In guda biyu gare ka kuma shuɗin allo bai bari ba, cire ɗaya ka gwada da ɗaya, sannan ka musanya. Mai ciwon za ta tona kanta.

Filashin kuma, a ina ka samo shi? In na tebur ne a tasha, mai rubutun girma a jiki da arha kamar kyauta, ina shakkarsa. Alamarsa ita ce aiki ya tsaya a wuri guda kullum, ko ta ce ta nemi wani fayil ba ta gani ba. In ka ga haka, kar ka taɓa injin, filashi za ka canza, a sake zuba masa windon daga kwafi mai kyau. Kuma a baya za ka soka shi, a jikin madabod, ba a ramukan gaba ba. In tsohuwar windo kake zubawa saboda wasannin da yaran suka saba, guji ramin nan mai shuɗin harshe, ba ta san shi ba. Za ka ga kibod da mawus sun mutu, ko ta ce a kawo mata direba, ka rasa wane direba. Nemi mai baƙin harshe. In allon naka sabo ne ƙwarai har baƙin ma ta ƙi, ka haƙura ka zuba sabuwar windo, yaran za su saba.

Abu ɗaya kuma da zai ba ka dariya. In ta gama kwafe kayanta za ta kashe kanta ta sake tashi. A daidai nan zare filashin, ko ka tabbata dis ne a gaba cikin bayos. Farkon farawata ban sani ba, inji ya sake tashi daga faifai, ya kawo ni shafin farko, na ce af, ba ta shiga ba, na sake. Ya kuma kawo ni, na kuma sakewa. Tun hantsi har aka kira azahar ina zuba windon da ta riga ta zauna tun zubin farko.

Duk waɗannan, Bashar, ciwo guda ne ya haife su, kuma na ga alamarsa a jikinka tun kana ƙarami: gaggawa, da jin kunyar a ce ba ka iya ba. In inji ya ƙi, sai zuciya ta hau, ka canza filashi ka canza ram ka juya saitin bayos duk a tashi ɗaya, in ya gyaru ba ka san abin da ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa ba ka san inda za ka koma ba. Abu ɗaya za ka canza, ka gwada, ka duba. Saƙon da ta rubuta maka, karanta shi har ƙarshe, ko ka ɗauki hotonsa, kar ka ce mani "ta dai rubuta wani abu." In ka ji kanka ya ɗau zafi, tashi ka yi alwala ka zaga kasuwa. Injin ba ya gudu. Duk ɓarnar da na yi a rayuwata ta aiki, na yi ta ne ana tsaye a kaina ana jira, ina son in nuna ni gwani ne.

Abokin nan naka ban san shi ba, ban kuma ce mugu ba ne. Ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, ka saurari abin da ya sani. Amma kujerar gaban kibod taka ce. Mutum yakan yi saurin danna maɓalli a kan injin da ba nasa ba, don bai san abin da ke ciki ba. Kuma in mutanen Gummi sun fara kawo maka nasu gyara, za su kawo, tambayar farko ita ce, "Mi ke ciki wanda ba ka da shi a wani wuri?" Kar ka taɓa sukundireba sai an ba ka amsa.

Na san na yi ta yi maka tsiya a kan sana'ar nan. Na ce inji mai ƙarfin da ya fi na ofis, a ƙare shi a buga ƙwallo da yatsa. Har yanzu ban gane daɗin da kuke ji ba, ƙato da gemu yana ihu wai ya ci. Amma ranar da ka shimfiɗa kayan nan a kan tabarma kana haɗawa, ka taɓa ƙarfen ƙofa don sauke wutar jikinka kafin ka ɗauki ram kamar yadda na koya maka, na koma cikin shago don kar ka ga fuskata. Na ji daɗi, Bashar. Ina son shagon nan naka ya tashi, yara su cika shi, kawunka ya yi alfahari da kai. In sun cika shi kuma, lokacin salla a kashe allo, ɗan makaranta da rigar makaranta a kore shi sai an tashi. Kada iyayen Gummi su san sunanka ta bakin kuka.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa tun farkon takarda.

Mai yiwuwa abokinka bai jira Juma'a ba. Mai yiwuwa kai da kanka ka gaji da jira ka buɗe baƙin allon jiya, bayan mun gama waya. Mai yiwuwa kana karanta takardar nan ne an riga an share dis ɗin. In haka ne, saurare ni da kyau. Kar ka kunna injin da dis ɗin a ciki. Kar ka zuba windo a kansa, kar ka kwafa wasa ko ɗaya, kar ka bari wani ya ce bari ya gwada wata dabara. Tuna da Garba. Zare shi, naɗe shi, ka ba Ɗanjuma ya kawo mani, ko rarrafe ne zan kai shi Gusau. Sau da yawa ana samu, in ba a taka ba.

In kuma an riga an taka, windo ta zauna a kansa, to innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka kira ni, ni kaɗai, ka ce "Baba, ya tafi." Ba sai ka ƙara komai ba. Ni zan gaya wa Innarku, kuma gaskiya zan gaya mata, cewa ni na bar ɗiyarta cikin kwalin tarkace wata da watanni ban kwafe ba, ni na ce ka ɗauka.

Abin da nake tsoro ya fi na dis ɗin shi ne halinka. Ranar da ka ƙona mitar awon wutata kana yaro, ba ka dawo gida ba sai da aka nemo ka bayan makaranta, ka ƙi cin abinci don kunya. Gummi ba bayan makaranta ba ce, ba ni da ƙafar zuwa nemanka. Kada ka kashe waya, kada ka ce ba za ka iya haɗa ido da Innarku ba, kada salla ta zo ka aiko da uzuri. Ka san ita ba ta kama sunanka, kai ne na fari, amma tun da ka tafi, duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ɗaga labule. Ɗazu da ta kawo mani ruwa ta ga ina rubutu, ta ce, "Wa yaron ga kake rubutawa? Ce mishi ya riƙa cin abinci." Ba ta san abin da ke cikin takardar ba.

Na lura da ita duk lokacin da na kunna mata bidiyon. Tana kallon Kulu, i. Amma akwai wurin da Kulu ta yi tuntuɓe da taɓarya, hoton ya girgiza, aka ji mai riƙe da waya ya fashe da dariya yana cewa "Tashi, tashi, ba ki ji ciwo ba." Nan take cewa in mayar baya. Muryarka ce, Bashar. Ɗiya ɗaya ta tafi inda ba a dawowa, ba yadda muka iya. Kai kuwa mota ɗaya ce tsakaninmu. Ko dis ɗin yana raye ko ya mutu, ranar salla ina son in ji sallamarka a zaure.

Ɗanjuma zai juyo da la'asar. In dis ɗin lafiya yake, ba shi ya kawo, a naɗe, ya sa a aljihun gaba, ba cikin but ba. Na riga na sayi filashi biyu masu kyau, suna nan cikin aljihuna, ranar da ya iso ba zan tashi daga kujera ba sai na kwafe, ɗaya a akwatin Innarku, ɗaya in aiko maka. Zan zauna a bakin shago daga an sauko Juma'a, ina kallon hanya.

Allah Ya sa takardar nan ta riga yatsanka. Allah Ya tsare ka da tsarewarSa, Ya tsare hanyar da ke tsakaninmu da masu binta, Ya sa albarka a sana'arka, Ya haɗa ka da abokan kirki. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya sa mai ceto ce gare mu. Ka gaida kawunka in ya dawo, da matarsa da yara. Ka sa wayarka a caji.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru mai gyaran rediyo, Anka.